Bayan Warkewa: Fagagen Binciken Digiri na Uku a Kan Lafiyar Yaran da Suka Tsira Daga Sankara

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce yaro ya warke daga wata cuta, abin da aka saba ɗauka shi ne magana ta ƙare, likita ya sallame shi, iyaye su yi hamdala, shi kuma ya koma makaranta. Haka abin yake a yawancin cututtuka. Amma game da sankara, watau cutar da aka fi sani da ciwon daji, masana sun gano cewa tsugune ba ta ƙarewa a ranar sallama. Maganin da ya ceci ran yaron yakan bar rauni a zuciya, ko a ƙwaƙwalwa, ko a gaɓoɓin haihuwa, raunin da ba ya fitowa fili sai bayan shekara 10 ko 20, wani ma sai bayan 30, lokacin da yaron ya zama magidanci, yarinyar kuma ta zama uwa.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin yadda nazarin lafiyar waɗannan warkakku ya zama fage mai zaman kansa, musamman a Amurka da ƙasashen Turai, da kuma irin ƙofofin da yake buɗe wa ɗalibin da ke neman digiri na uku, wanda jama'a ke yi wa kirari da digirin digirgir. Akwai wani ƙulli guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Karatun digiri na uku shekara 3 ne zuwa 6, illolin da ake son nazarta kuwa sukan ɗauki rabin rayuwar mutum kafin su bayyana. To, ta yaya ɗalibi zai amsa tambayar shekara 30 a cikin shekara 4? Amsar wannan tambaya ita ce ta tsara yadda ake gudanar da bincike a wannan fage, ita ce kuma ke nuna wa ɗalibi inda zai dosa.

2.0 Yadda Aka Sami Warkakku

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, yaron da ya kamu da sankarar jini ba ya wuce 'yan watanni a duniya. A shekarar 1948 ne wani likita a birnin Bostan na Amurka, mai suna Sidney Farber, ya ba da rahoton cewa ya gwada wani magani mai hana ƙwayoyin sankara hayayyafa a kan yara 16, cutar ta lafa wa 10 daga cikinsu. Ko da yake daga baya ta dawo musu, wannan gwaji ya tabbatar da cewa magani na iya taɓa cutar da a da ake ganin ta gagari likita.

A 1962 aka buɗe Asibitin Bincike na St. Jude a birnin Memfis, inda Donald Pinkel da abokan aikinsa suka haɗa magunguna iri-iri a lokaci guda, suka kuma ƙara da gashi, watau haska wa sashen jiki wani haske mai ƙarfi da ke ƙona ƙwayoyin cutar. Sun riƙa gasa kai da ƙashin baya ne domin ƙwayoyin sankarar jini sukan laɓe a cikin ƙwaƙwalwa, inda yawancin magungunan da aka zuba a jini ba sa isa sosai. Zuwa farkon shekarun 1970, kimanin rabin yaran da aka yi wa wannan magani suna rayuwa. A tsakiyar waɗancan shekaru, kashi 58 cikin ɗari na yaran Amurka masu kowace irin sankara ne ke kai shekara 5 bayan gano cutar, yanzu kuwa adadin ya kai wajen kashi 85. An ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan warkakku kusan 500,000 a Amurka, da misalin haka a Turai.

Tun ana cikin murnar wannan nasara wasu likitoci suka fara lura da abin da ke biyo baya. Yaran da aka gasa wa kai suna koma baya a aji, wasu tsayinsu ya tsaya, waɗanda aka gasa wa gefe ɗaya na ciki kuma bayansu ya karkace yayin da suke girma. Giulio D'Angio, wani likitan gashi a birnin Filadelfiya, ya shahara da nanata cewa warkarwa kaɗai ba ta isa ba. Shi ne ya jagoranci binciken sankarar ƙodar yara da aka fara a Amurka a 1969, wanda ya nuna cewa ana iya rage gashi, ko a bar shi gaba ɗaya ga wasu yara, ba tare da an rage yawan masu warkewa ba. Shi da abokiyar aikinsa Anna Meadows suna cikin waɗanda suka aza harsashin nazarin illolin da ke jinkirin bayyana.

3.0 Illolin da Dalilansu

Domin a fahimci abin da ake bincike a kai, wajibi ne a san dalilin da ya sa yaro ya fi babba shan wahalar waɗannan magunguna. Maganin sankara da gashi suna kai hari ne ga ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa. A jikin babba, yawancin gaɓoɓi sun riga sun gama girma. A jikin yaro kuwa, ƙashi da ƙwaƙwalwa da haƙora da sauran gaɓoɓi duk suna cikin girma, saboda haka harin yakan shafe su. Bayan haka, yaro yana da shekara 60 ko 70 a gabansa, lokaci isasshe da ƙaramin rauni zai zama babba.

Illa ta farko da aka fi nazarta ita ce ta zuciya. Akwai wani rukunin magunguna, wanda doksorubisin ke cikinsa, da ke kashe ƙwayoyin tsokar zuciya, su kuwa waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsiro yadda ya kamata. Ragowar sukan ɗauki nauyin aikin na tsawon shekaru, har ranar da wani sabon nauyi, kamar goyon ciki ko hawan jini, zai sa zuciyar ta kasa. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan maganin da aka ba yaro, yana kuma ƙaruwa idan an haɗa da gashin ƙirji.

Ta biyu ita ce sabuwar sankara, wadda ba ta da dangantaka da ta farko sai ta hanyar magani. Wani rahoto na 2014 ya nuna cewa daga cikin matan da aka gasa wa ƙirji suna yara, kimanin kashi 30 cikin ɗari sun kamu da sankarar mama kafin su cika shekara 50. Wannan adadi ya yi kusa da na matan da suka gaji cutar a jininsu. Saboda haka ne ƙa'idojin likitanci suka tanadi a fara duba irin waɗannan mata tun suna da shekara 25, ko shekara 8 bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya.

Ta uku ita ce haihuwa. Magunguna irin su saikulofosfamaid, idan aka ba da su da yawa, sukan lalata ƙwayoyin da ke samar da maniyyi, su kuma rage ƙwan da mace ta zo duniya da shi, har jinin al'ada ya ɗauke mata tun ba ta tsufa ba. Akwai kuma sisfilatin, wanda ke lalata ƙananan ƙwayoyin cikin kunne. Idan haka ta sami yaron da bai gama koyon magana ba, kurumtar takan shafi harshensa da karatunsa baki ɗaya. Gashin kai kuwa yakan rage saurin fahimta da riƙon abu, ya kuma taɓa ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarin girma.

A ƙarshe, masu bincike sun lura cewa warkakku da yawa suna tsufa kafin lokaci. Wani nazari na 2013 ya sami alamun raunin tsufa, kamar zubewar tsoka da saurin gajiya da tafiyar hawainiya, a jikin mutanen da shekarunsu ba su wuce 30 da 'yan kai ba, a ma'aunin da ba a saba gani ba sai ga 'yan shekara 65 zuwa sama.

4.0 Ayarorin Bincike

Yanzu sai mu koma ga ƙullin da aka ɗaura a gabatarwa. Hanyar da masana suka bi suka shawo kan matsalar lokaci ita ce tara warkakku dubbai a cikin rajista guda, a rubuta irin maganin da aka ba kowannensu da yawansa, sannan a riƙa bibiyarsu shekara da shekaru. Za mu kira irin wannan taro ayari, domin tafiya ce doguwa da ake yi tare. Masu bincike suna shigowa suna fita, ayarin yana nan. Ɗalibin digiri na uku yakan tarar da shi a hanya, ya ɗebi abin da aka tara tun kafin a haife shi, ya amsa tambayarsa, ya kuma bar wa na baya abin da ya ƙara.

Mafi shahara daga cikinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da CCSS, wanda aka fara a 1994 ƙarƙashin jagorancin Leslie Robison, da kuɗin Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka. Ya fara da warkakku sama da 14,000 waɗanda aka gano cutarsu tsakanin 1970 da 1986 suna ƙasa da shekara 21, daga baya aka ƙara waɗanda aka gano tasu har zuwa 1999. Wata hikima da aka yi ita ce haɗawa da 'yan'uwansu na jini kimanin 4,000 domin kwatance, tun da gida ɗaya suka tashi, abinci ɗaya suka ci. A 2006 Kevin Oeffinger da abokansa suka buga sakamakon nazarin mutum 10,397 daga wannan ayari. Kashi 62 cikin ɗari suna da aƙalla cuta ɗaya mai ɗorewa, fiye da kashi 27 kuma tasu mai tsanani ce ko mai barazana ga rai. Haɗarin cuta mai tsanani ya ninka na 'yan'uwansu sau 8.

Wannan ayari ya dogara ne galibi ga takardun tambayoyi da mutane ke cikewa da kansu, mutum kuwa ba ya faɗin cutar da bai san yana da ita ba. Saboda haka a 2007 asibitin St. Jude ya kafa wani ayarin, inda ake gayyato tsofaffin majinyatansa su dawo a duba su daga kai har ƙafa. Rahoton 2013 a kan mutum 1,713 ya ƙiyasta cewa kafin shekara 45 da haihuwa, sama da kashi 95 cikin ɗari suna da wata cuta mai ɗorewa, kimanin kashi 80 kuma tasu mai tsanani ce. Da yawa daga cikin cututtukan, a wannan dubawa aka fara gano su. Akwai darasi a nan ga kowane ɗalibi, watau hanyar da aka bi aka tara bayani tana da hannu a cikin amsar da za a samu.

A Ingila, Jami'ar Bamingham ce ke riƙe da ayarin Birtaniya, wanda ya ƙunshi mutum sama da 34,000 da aka gano cutarsu tsakanin 1940 da 2006, da kuma wani na matasa 'yan shekara 15 zuwa 39, mai mutum sama da 200,000. Ƙarfin waɗannan shi ne daga rajistar ƙasa aka ɗebo su, ba daga zaɓaɓɓun asibitoci ba. Ƙasashen arewacin Turai, irin su Denmak da Suwidin, suna haɗa rajistar sankara da ta asibiti da ta haihuwa ta hanyar lambar da kowane ɗan ƙasa yake da ita. Holan kuwa ta tattara jinyar sankarar yaranta a wuri guda, watau Cibiyar Gimbiya Máxima da aka buɗe a birnin Utrecht a 2018, tana kuma bibiyar waɗanda aka yi wa magani tun daga 1963.

Ko wannan wahala ta yi amfani? Wani rahoto na 2016 a kan mutum 34,033 ya nuna cewa daga cikin waɗanda suka tsallake shekara 5, yawan masu mutuwa kafin shekara 15 da gano cutar ya sauka daga kashi 12.4 cikin ɗari ga 'yan farkon shekarun 1970 zuwa kashi 6 ga 'yan shekarun 1990. Wani ɓangare na wannan sauƙi ya samu ne daga rage gashi da rage magungunan da ke taɓa zuciya, bisa abin da aka koya daga warkakkun farko. A 2009 ma St. Jude ya nuna a kan yara kusan 500 cewa ana iya warkar da sankarar jini ba tare da gashin kai na rigakafi ba.

5.0 Fagagen da Ke Buɗe ga Ɗalibi

5.1 Sababbin magunguna. Duk abin da aka sani game da illolin shekara 30, a kan maganin shekara 30 da suka wuce aka san shi. Ilmin yana biye da magani ne da ratar tsara guda. A yau ana yi wa yara gashi da wata na'ura mai auna ƙari daidai, ta rage ƙona abin da ke kewaye da shi. A 2017 kuma Amurka ta amince da hanyar ɗebo sojojin jinin majinyaci, a sarrafa su, a mayar masa su yaƙi sankarar jini. Yaran da suka fara samun waɗannan yanzu ne suke shiga samartaka. Ɗalibin da ya nazarci garkuwar jikinsu, ko girmansu, ko karatunsu, zai kasance cikin na farko da za su faɗi wani abu a kai.

5.2 Gado da bambancin jiki. Yara biyu sukan sha magani iri ɗaya, zuciyar ɗaya ta kasa, ta ɗayan ta zauna lafiya. Wani nazari na 2018 a kan warkakku 3,006 ya gano cewa kusan kashi 6 cikin ɗari suna ɗauke da gurɓatattun ƙwayoyin gado masu jawo sankara. Aikin da ke gaban masu ilmin halitta da masu ƙididdiga shi ne haɗa bayanin gado da yawan magani da shekarun yaro, domin a fitar da ma'aunin da zai nuna wa likita wanda ya kamata a riƙa dubawa kullum da wanda za a iya sassauta wa. Wannan fage ya dace da ɗalibin da ya iya lissafi da aikin kwamfuta.

5.3 Rigakafi. An sami maganin da ke kare zuciya idan aka ba da shi tare da doksorubisin, a 2022 kuma Amurka ta amince da wani da ke rage kurumtar sisfilatin. Ta fuskar haihuwa, a 2004 aka sami haihuwa ta farko a Beljiyam daga wata mace da aka cire wa ɓangaren ma'ajiyar ƙwanta, aka daskare shi, aka mayar mata bayan ta warke. A 2015 likitocin wannan ƙasa suka ba da rahoton irin haka daga wadda aka cire wa tana yarinya 'yar shekara 13, a dalilin jinyar cutar sikila. Yaro namiji da bai balaga ba kuwa, hanyar adana haihuwarsa tana matakin gwaji, wannan kuma babban fili ne ga masu aikin ɗakin gwaje-gwaje.

5.4 Tsarin kulawa. Sanin haɗari daban, zuwa a duba shi daban. Tun 2003 likitocin sankarar yara na Amurka suka fitar da ƙa'idojin bibiya, amma wani nazari na 2008 ya nuna cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na masu haɗarin ciwon zuciya ne aka yi wa hoton zuciya, matan da ke da haɗarin sankarar mama kuma ƙasa da rabinsu ne aka duba. Dalilin a fili yake. Yaron da aka yi wa magani yana da shekara 4 ba ya riƙe sunan maganin, idan ya girma ya bar asibitin yara, sabon likitansa bai san tarihinsa ba. A Turai ana gwada ba kowane warkakke takarda mai ɗauke da tarihin jinyarsa da irin dubawar da yake bukata. Ɗaliban aikin jinya da na lafiyar jama'a da na tattalin arziki suna da tambayoyi a nan, alal misali wane tsari ne ya fi jawo mutane su zo, kuma nawa yake ci.

5.5 Rayuwa cikin jama'a. Ba likitoci kaɗai ke da ta cewa a wannan fage ba. Akwai batun gama makaranta, da samun aiki, da aure, da fargabar dawowar cuta, da halin da iyaye da 'yan'uwa ke shiga. Akwai kuma shari'a. A 2016 Faransa ta yi dokar da ta ba warkakke damar ƙin bayyana tsohuwar cutarsa ga kamfanin inshora yayin neman rance, bayan wasu shekaru da gama magani, a 2022 kuma aka mayar da wa'adin shekara 5 ga kowa. Wasu ƙasashen Turai sun bi sahu. Masu nazarin halayyar ɗan Adam da zamantakewa da shari'a suna iya gina kundinsu a kan irin waɗannan batutuwa.

5.6 Ƙasashe masu tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, a yawancin marasa ƙarfi kuwa ba sa kai kashi 30. A 2018 Hukumar ta ƙaddamar da shirin da ke neman kai adadin duniya zuwa kashi 60 kafin 2030. Idan wannan buri ya cika ko da rabi ne, za a sami warkakku masu ɗimbin yawa a wuraren da ba a tanadi bibiyarsu ba.

Afirka tana da tsohon hannu a cikin wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar kaluluwa mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wadda ta fi yawa a yankunan zazzaɓin cizon sauro, har da Nijeriya. Likitocin Kampala da Nairobi da Ibadan, ciki har da Victor Ngu, ɗan Kamaru, suna cikin waɗanda suka nuna a shekarun 1960 cewa magani kaɗai na iya warkar da ita. Duk da haka, manyan ayarorin da aka ambata a sama duk na Amurka da Turai ne, mafi yawan mutanen cikinsu kuma farar fata ne. Abin da aka gano a jikinsu ba lalle ya yi daidai da yaron da ya sha magani yana fama da tamowa, ko sikila, ko zazzaɓi mai maimaituwa ba. Takardun tambayoyin da ake auna jin daɗin rayuwa da su ma, da harsunan Turai aka tsara su, sai an fassara su an kuma gwada ingancin fassarar kafin a dogara da amsar da suka bayar. Ɗalibin da ya nemo warkakkun asibiti guda, ya tabbatar da maganin da aka ba su, ya auna zuciyarsu da jinsu da haihuwarsu, ya riga ya aza tubalin ayarin da wasu za su gina a kai.

6.0 Hanyar Shiga da Abin Lura

Tsarin karatun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Holan ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi, yawanci na shekara 4, kundinsa kuma tarin maƙalu ne da ya buga, wanda zai kare a bainar jama'a. A Ingila shekara 3 ne zuwa 4, sau da yawa a kan batun da malami ya riga ya samo wa kuɗi ya kuma tallata. A Amurka ana fara wa da darussa na aji, karatun yakan kai shekara 5 ko fiye, asibitin St. Jude ma yana da makarantarsa ta manyan digirori, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2017. Ta fuskar kuɗi, akwai tallafin karatu na ƙungiyar Kwamanwel, da shirin Marie Curie na Tarayyar Turai wanda ba ya tambayar ƙasar mutum, da ƙungiyoyin agaji masu yaƙi da sankara. Haka kuma ayarin CCSS a buɗe yake ga masu bincike na waje, matuƙar sun rubuta tsarin aikinsu kwamiti ya amince da shi.

Ɗalibin da ke son shiga yana bukatar digiri na biyu ko makamancinsa a fannin da ya dace, da sanin ƙididdiga, da ƙwarewa a Ingilishi. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne tambaya 'yar ƙarama mai kaifi. Wanda ya ce zai nazarci lafiyar warkakku gaba ɗaya bai ce komai ba. Wanda ya ce zai gano ko hawan jini yana ƙara haɗarin ciwon zuciya ga waɗanda suka sha doksorubisin kafin shekara 5 da haihuwa, ya kama hanya. Kafin ya rubuta wa malami, ya kamata ya karanta abin da malamin ya buga, ya kuma tabbatar da cewa bayanin da tambayarsa ke bukata yana nan a tare.

Akwai tarkuna guda biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, waɗanda suka amsa gayyatar bincike ba lalle su yi kama da waɗanda suka ƙi ba. Idan marasa lafiya ne suka fi zuwa, adadin illa zai kumbura, idan kuwa masu lafiya ne, zai ragu. Na biyu shi ne amana. Waɗannan mutane sun ba da sirrin jikinsu, wasu ma iyayensu ne suka amince a madadinsu suna yara, saboda haka idan sun girma dole a sake neman yardarsu. Labarin rashin haihuwa ko na gurɓataccen gado, idan ya fita, yana iya hana mutum aure ko aiki. Bayan wannan, mai bincike zai yi tunani tun kafin ya fara a kan abin da zai yi idan ya gano cuta a jikin wanda ba shi da halin magani.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa nasarar da aka samu a kan sankarar yara daga 1948 zuwa yau ta haifar da sabuwar jama'a mai bukatu na musamman, kuma ilmin da ake da shi game da ita yana bayan magani da ratar tsara guda, daga ƙasashe kaɗan kuma aka tara shi. Waɗannan gurabu biyu su ne ƙofar ɗalibi. Shekarunsa 4 ba za su ishe shi ya ga yaro ya zama dattijo ba, amma sun ishe shi ya shiga ayarin da ya riga shi tashi ya amsa tambaya guda, ko ya fara tara sabo a inda babu. Yaron da ake yi wa magani yau ya tsira daga gashin kai ne albarkacin waɗanda suka zauna suka ƙirga abin da ya sami na jiya, kuma shi ma ana bukatar wanda zai zauna ya ƙirga nasa.